Gishirin Hajo da Ruwan Cikin Iska

Tsakiyar damina ce, gari ya yi lumshi, zufa na keto wa kowa. Hajo, wata tsohuwa a Ƙofar Guga, tana jiran baƙi daga ƙauye. Ta aiki jikanta Siddiq ya sayo mata gishiri da ashana da lemo mai sanyi. Ga shi ya dawo yana gaishe ta.

"Lahiya lau, angona, ya rana? Kai! Mi zan gani haka? Gishirin nan a rijiya ka tsoma shi?"

"Ni? Ko ɗigo bai taɓa shi ba, tsohuwa."

"Ashanar ma ta ƙi kamawa! Baƙi na hanya, murhu ba wuta. Yau sai ka sake ni."

"Sai na samu wadda ta fi ki haƙora. Ba laifina ba ne, ruwan cikin iska gishirin ya tsotsa."

Hajo ta dafe ƙirji. "Ruwan cikin mi?"

"Iska. Wadda kike shaƙa cike take da ruwa, ido ne ba ya ganinsa."

"Innalillahi! Boko ya taɓa maka kai."

"To wa ya jiƙa bayan kwalbar lemon nan?"

"Fasasshiya ka sayo."

Siddiq ya goge kwalbar tas, ya ajiye gabanta. Ba a jima ba ruwa ya sake tsattsafowa. Hajo ta lakata ta ɗanɗana, ba zaƙi. Ta ja da baya.

"La'ilaha illallahu! Ruwa ne hwa!"

"Iska ce ta taɓa sanyi ta sauke kayanta. Haka hadari ke haɗuwa. Rana ta kwashi ruwa, ya yi sama kamar tururi, ya iske sanyi can, ya dunƙule ya zama girgije."

"Har da tururin tukunyata?"

"Har da zufarki. Rabin hadarin Katsina ke kike haɗa shi."

"Tsaya! Azumin da na yi ta yi ina shaƙar wanga ruwa hwa?"

"Sai ki rama duka, tun na zamanin ƙuruciya."

Hajo ta zaro ido, ta toshe hanci da gefen mayafi. Sai da ta ga kafaɗunsa na rawa don dariya ta kai masa duka da mafici, ita ma ta fashe.

"Allah ya shirye ka, ja'iri! Yau kam ka kada ni. Ruga gidan maƙwabciyata Safiya ka ɗebo min garwashi, cinyar kazar baƙi taka ce."