Shakazoba Mai Tauri

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwantar da surukina a ƙarƙashin mota ba, dattijo mai ciwon gwiwa, ranar ɗaurin auren ɗansa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikin takarda nake yi a wani ofis a nan Kaduna. Gidan surukaina kuwa a Kinkinau yake, kuma masu aikin hannu ne tun kakanni. Mahaifin matata (ba zan faɗi sunansa ba, suruki ne, Baba nake ce masa) ya shekara arba'in yana gyaran manyan motoci kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mutum ne da mota za ta wuce ƙofar gida yana alwala, ya ce a gaya wa mai ita ya duba ƙafar baya ta hagu, kuma in an duba a tarar haka ne.

Tsakanina da shi babu komai sai mutunci. In na je in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi aiki, in ce alhamdu lillahi, ya ce madalla, sai mu yi shiru mu biyu har a kira salla. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Bai taɓa gaya mini magana marar daɗi ba, amma na lura in wani abu ya lalace a gidan, famfo ko janareta, idonsa yakan tsallake ni ya nemi wani. Wannan tsallakewar ta daɗe tana ci mini rai. Abin da nake so bai wuce sau ɗaya ya dube ni ya ce ashe na san kan abu ba.

Ana nan sai na sayi wata tsohuwar jif, 'yar Beljiyam, mai tsayi da manyan tayoyi. Daga nan na kamu da kallon bidiyon mutanen nan da ke keta hamada da tsaunuka a mota, su yi wata guda ba su taka kwalta ba. A nan na fara jin bayani a kan shakazoba, wato ƙarfen nan da ke shanye girgiza tsakanin taya da jikin mota. Na ji akwai na mai, akwai na gas, na ji in hanya ta yi gargada da yawa yakan yi zafi ya daina aiki. Cikin mako biyu na zama malami. (Ni da nake zaune a Malali, kuma hanya mafi wuya da nake bi ita ce ramin nan ɗaya na bakin layinmu.)

Sai aka sa ranar ɗaurin auren Nura, ƙanin matata, a wani ƙauye ta hanyar Zariya. In an sauka daga kwalta akwai tafiyar kusan awa guda a burji, ga shi tsakiyar damina ne. Kafin kowa ya yi magana na ce ni zan ɗauki manya: Baba, da ƙaninsa Baffa Idi wanda shi ne wakilin ango, da limamin unguwarsu. Na ce a bar mini wannan, motata don irin hanyar aka ƙera ta.

Shakazobobin da motar ta zo da su sun gaji, wannan gaskiya ne, na baya ma suna ɗan tsattsafar da mai. Da na gaya wa matata Hauwa zan canza su, sai ta ce in tambayi Baba mana, ai shi ne gidan abin. Na ce kunya ba za ta bar ni ba. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa, so nake ya shiga motar ya ji ta sumul, ya tambayi wa ya zaɓi kayan ƙafar, ni kuma in sunkuyar da kai in ce ni ne.

Na tafi kasuwar kayan mota ni kaɗai. Abin da nake nufi a raina shi ne mai ƙarko, wanda zai daɗe. Abin da bakina ya faɗa shi ne mai tauri, mafi tauri da ake da shi a shagon. A lokacin ban san kalmomin biyu ba abu ɗaya ba ne a wurin masu mota. Mai shagon, Allah Ya sani, ya yi iya nasa. Ya tambaye ni ko kaya nake ɗauka, na ce sosai (jakar ofis ce da kulan abinci). Ya tambaye ni ko an ɗaga motar, ni kuma na ɗauka yana nufin ko tana da tsayi, na ce ai in ka gan ta sai ka ɗaga kai. Ya shiga ciki ya fito da wasu jajaye guda huɗu, kowane ya kai kaurin taɓarya, da ɗan gwangwani maƙale a gefe irin wanda nake gani a bidiyo. Na dafa ɗaya a ƙasa na danna da dukkan nauyina, ko gezau bai yi ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Garba, makanikena da ke Abakpa, ya kwance tsohon ya ajiye kusa da sabon a ƙasa. Sabon ya fi tsawo da kamar yatsu huɗu. Ya ce, “Oga, wannan na motar da aka ƙara wa tsayi ne, mai ɗaukar tankin ruwa da buhuna. Taka in ta faɗa rami, ba shi da wurin shigewa.” Na yi masa bayani mai tsawo a kan gas da zafi da hanyoyin hamada. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, da na gama ya ce motata ce, ya ɗaura.

Ranar Asabar da hantsi na faka a ƙofar gidan surukaina, an wanke mota tana ƙyalli. Baba ya fito cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, sai ƙamshin turare. Ya zagaya motar a hankali, ya ɗora tafin hannu a kusurwar baya ya danna. Motar ba ta motsa ba. Ya ɗan sunkuya ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe yana kallon jan abin nan, sannan ya miƙe ya ce Allah Ya kai mu lafiya. Ya koma cikin gida ya fito da wata tsohuwar jakar fata ya tura ƙarƙashin kujerar mota. Ni a ganina yabo ne ya maƙale masa saboda surukuta. Jakar kuwa na ɗauka magungunan gwiwa ne.

A kan kwalta abin da sauƙi, ko da yake duk wani faci da aka yi wa titin sai mun ji shi a ƙashin baya. Muna sauka burji labari ya canza. Mota ta koma tsalle. Kwandon goro da kwalayen alawa da ke baya suka riƙa tashi suna sauka. Liman ya damƙe carbinsa da hannu biyu. Hular Baffa Idi ta daki rufin mota sau uku, a na huɗu ya cire ta ya riƙe, ya tambaye ni ko tayoyin ne na cire na sa duwatsu. Na ce sabon shakazoba ne, sai ya ɗan saba da hanya. Baba yana gaba kusa da ni, ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa, idonsa a kan gonakin masara. 

Muna cikin haka muka iso wani ɗan kwari da ruwa ya zaizaye. Na tuna a bidiyo ba sa rage gudu a irin wurin, ni ma ban rage ba. Muka ji wata ƙara daga baya, daga nan sai ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe. Na tsaya.

Kunnen da ke riƙe shakazoban baya na dama daga sama ne ya ɓalle. Jan abin nan da na yi alfahari da shi yana reto, yana gugar taya, mai yana ɗiga daga jikinsa. Saura minti ashirin sha ɗaya ta cika, lokacin ɗaurin aure, ga wakilin ango tsaye a bakin gona da hula a hannu. Waya babu sabis. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar, na gyaɗa kai irin na wanda ya gano matsala, alhali in ban da tayar babu abin da na san sunansa a wurin.

Baba ya tuɓe babbar rigarsa, ya ninke ya miƙo mini. Ya juye alawar kwali ɗaya cikin kwando, ya baje kwalin a ƙasa. Na ce, Baba a bari ni in shiga. Ya yi kamar bai ji ba. Na ga yadda ya dafa taya, ya lanƙwasa gwiwar nan a hankali yana cije leɓe, har ya kwanta ya ja jiki ciki. Daga can ya ce a ɗauko jakar nan. Na buɗe, sai ga sifanu na kwance noti jere cikin tsumma. Ashe tun a ƙofar gida ya san za a yi haka.

Hannunsa ya fito daga ƙarƙashin mota a buɗe. “Miƙo mini sha bakwai.”

A shekara goma sha ɗaya wannan ne karo na farko da ya sa ni aiki, don haka na ƙudura ba zan yi kuskure ba. Na zazzage sifanun a kan tsumma na ƙirga su. Na sake ƙirgawa don in tabbatar, kamar yadda muke yi a ofis. Sannan na sunkuya, cikin ladabi, na ce:

“Baba, tara ne kawai a ciki.”

 Liman ya yi tari ya juya yana duba masarar mutane. Baffa Idi ya zauna a kan kunyar gona, da sabuwar shaddarsa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Hannun Baba yana nan a buɗe bai motsa ba. Can ya ce, da muryar da ake nuna wa yaro takalmin dama da na hagu, “Lamba ce a jikinsu. Duba wuyan kowace.”

Na duba. Ga ta nan rubuce ɓaro-ɓaro, ɗaya da bakwai. Ni da karatun lamba ne abincina.

Ya kwance abin ya turo shi waje, ya ce in tuƙa a hankali, sifirin zai riƙe mu. Muka ƙarasa ƙauyen motar tana rangaji ta gefe guda, mun makara kusan awa ɗaya, jama'a zaune a kan tabarmi suna jira. Babbar riga ta rufe yawancin ɓarnar, amma bakin hannun 'yar cikinsa ya yi baƙi ƙirin, haka ma farcensa, kuma da wannan hannun ya gaisa da dangin amarya ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo da ya san shi tun zamanin gareji ya riƙe hannun ya ce, yanzu Alhaji kana cikin mota har ta lalace a hanya? Na ga Baffa Idi ya buɗe baki. Baba ya riga shi.

“Laifina ne. Na ga abin tun da safe ban yi magana ba.”

Aka yi dariya, aka ce tsufa ya zo wa gwani. Ya yi murmushi ya karɓa. Sunan da ya shekara arba'in yana ginawa, shi ya gutsura ya rufa mini asiri, kuma ko ƙarya bai yi ba. Ina zaune a baya da kwandon goro a gabana, wallahi da zagina ya yi a gaban mutanen da ya fi mini sauƙi.

Bayan mako guda ya aiko ta bakin Hauwa cewa in zo in kai shi kasuwa, in taho da tsohon shakazoban da Garba ya cire. A shagon bai yi dogon zance ba. Ya gwada tsawo da tsohon, ya gaya wa mai shago motar mutane take ɗauka ba buhuna ba, ya duba robar da ke kunnuwan, ya shafa jikin ya ga babu danshin mai. Ya zaɓi wasu baƙaƙe marasa kwalliya, ya ce biyu-biyu ake canzawa. Sannan ya danna ɗaya, ya bar shi ya dawo a hankali, ya miƙo mini ya ce in gwada in faɗi yadda na ji.

Na danna. Ya shige, ya dawo. Duk bayanin bidiyo ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi. Na ce, “Ban sani ba, Baba.”

Ya dube ni sosai, ido cikin ido, ya ce, “Yauwa. To matso in nuna maka.”

Yabon da na daɗe ina nema ke nan, kuma a kan “ban sani ba” na same shi. Abin da na koya shi ne, kunyar tambaya a zaure mutum biyu ne ke jin ta, ta bakin hanya kuwa har da liman. Yanzu ko iskar taya zan ƙara sai na biya ta Kinkinau.