Rasuwar Shuɗiya, Wadda Ladabin Suruki Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da na rasa inda zan sauke shi, ni Muntari ɗan Alhaji Labbo, mazaunin Titirou a Parakou, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Shuɗiya, tsohuwar mobilet, wato ƙaramin babur, ta mahaifinmu. Ta rasu ranar Lahadi da rana tsaka a kan hanyar Djougou, tankinta cike taf.

Marigayiyar ta girme ni. A kanta Baba ya yi fataucin shanu, daga kasuwannin Borgou har Kolokondé, kuma makiyaya kan gane zuwansa tun daga nesa saboda muryarta: tat-tat-tat, ɗan tari, sannan tarrrr. Ba ta da gudu, ba ta kuma taɓa kwana da shi a daji ba. Da idanun Baba suka tafi ya koma Djougou da zama, sai aka jingine ta a bayan ɗaki, kaji suka mai da ita gidan haya.

Ni na ɗauko ta. Baba ya ce ba ya roƙon komai a wurina sai ya sake jin wannan murya a ƙofar gidansa, na kuwa yi masa alkawari. Tun daga nan tsakar gidana ta zama gareji. Na zuba tsakuwa a tanki na yi ta girgizawa don tsatsa ta fita, har maƙwabta suka zaci kiɗan caki nake koyo. Na goge firam da sanfefa har zanen yatsuna ya shafe. Fentin farko ƙuda suka kwanta a kai, na biyu ruwan sama ya sauka masa, sai na uku ne ya zauna. Baduku ya ɗinka mata sabon sirdi. Fistan na cikin inji kuwa, da yake an daina yin irinsa, sai da na sa cigiya har Kwatano kafin a tono mini guda ɗaya tak a shagon wani tsoho. Uwargida Munira ta sadaukar da bahon wankinta ga kananzir da giris, ba da son ranta ba.

Ta tashi ranar Alhamis, na shirya kai ta Djougou Juma'ar mako mai zuwa. Ranar Lahadi sai ga Yaya Badamasi, wan Munira, wai in ara masa ita ya leƙa wani suna nan kusa. To, wa ke hana suruki? Na dai tuna masa cewa ita tsohuwar zamani ce, ba ta shan esansi, wato fetur, zalla, sai an gauraya mata da baƙin mai, abin da ake kira melanj. Ya yi dariya, ya ce tun ba a yaye ni ba yake hawan moto.

Ashe sunan a wani ƙauye ne can gaba. Kuma Yaya mutum ne mai ladabi, ya san ba a mayar da abin hawan aro tanki babu kome. Sai ya tsaya wurin masu kpayo, fetur na kwalba a bakin titi, ya ce a cika masa har baki. Mai sayarwar ba ta tambaye shi melanj ba, don baburan yau ba sa sha, shi kuma maganata ta shiga ta nan ta fita ta can. Ya murɗa mata wuya cikin zafin rana. Ya ce kalamanta na ƙarshe su ne kirrr, sannan ƙas. Bakanike ya buɗe ta ya tarar fistan ya narke ya manne da inji, ya ce ko a Kwatano sai dai haƙuri.

Wallahi abin da ya fi ci mini rai, a gaban Munira aka sauke gawar, dole na haɗiye abin da ke bakina na yi wa Yaya godiyar man da ya zuba. Har ya ce ba komai.

Marigayiyar ta bar madubi biyu, tayoyi sababbi da ko gashinsu bai kaɗe ba, sirdin da mutum ɗaya kaɗai ya ɗana, da rabin gwangwanin shuɗin fenti. Ta kuma bar tsoho makaho da ya sa aka share masa ƙofar gida.

Na kira Baba na faɗa masa, na ce masu sayen tsohon ƙarfe sun fara zagaye. Sai ya ce: “Kawo mini ita haka nan. Ni ma na daina tafiya, ba a kai ni bola ba.”

Saboda haka za a ɗauki gawar ranar Juma'a da safe daga Titirou, a bayan motar doya, zuwa Djougou. Ana karɓar gaisuwa, ba a karɓar shawarar gyara. Masu tsohon ƙarfe su yi zamansu. Yaya Badamasi yana iya halarta, amma da ƙafa. Ba za a binne ta ba. Za a jingine ta a zauren Baba kusa da tabarmarsa, inda hannunsa zai kai ga tankin.