Ranar da Na Dafa Kan Surukina

Mutanen Zongon Kumasi sun riga sun yanke hukunci cewa ba zan ƙara tsugunawa in miƙe da kaina ba. Wanzami ya faɗa bayan ya yi mini ƙaho sau uku. Liman ya faɗa a kaikaice, da ya sa aka ajiye mini kujera a ƙarshen sahu. Uwargidana Adiza kuwa kullum sai ta faɗa. Saboda haka har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na ƙaryata su ba, ko da yake kunya ta yi mini rakiya.

Shekara talatin na yi ina aikin akawu a kan kujera guda, shayina da sukari cokali huɗu, namana kuma sai mai kitse. Da na yi ritaya, gwiwoyina suka soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce guringuntsin ya cinye, tumbina kuma, ban da nauyin da yake ɗora musu, kitsensa na rura kumburi a gaɓoɓi. Na sanar da shi cewa tumbi shaidar rufin asiri ne. Ya ce gwiwa ba ta da wannan labari.

Ana nan sai Alhaji Bukari, dillalin shanu, wanda ya girme ni nesa, ya ba ɗana Salifu 'yarsa. Al'ada ta wajabta in je in tsuguna a gabansa in yi godiya. Yin ta a tsaye raini ne, a ɗaga ni kamar buhun goro kuwa, gara mutuwa.

Wata huɗu na yi ina shiri. Na saki sukari, na koma miyar kontomire, wato ganyen gwaza, da kifi, kowace safiya ina takawa zuwa kasuwar Kejetia in dawo. Bayan haka in kife turmin Adiza, in tsuguna, in dafa shi in miƙe, sau goma, ina ƙirgawa da Turanci (ilimi ba ya ɓuya).

"Malam, turmin nan na sakwara ne," in ji ta. "In ya tsage, kai za ka daka da hannu."

Ranar na bar sandata a gida. Zaure cike da fataken shanu, Alhaji na zaune a kan buzu da farin rawani. Na tsuguna lafiya lau. Sai dai gaisuwarsa ba ta ƙarewa: ya tambayi iyali, ya tambayi maƙwabta, har kajin gidana bai bari ba. Da lokacin tashi ya yi, hannuna ya nemi abin da ya saba dafawa, ya kuwa sami wani abu mai tauri daidai tsayin turmi. Na danna da ƙarfina, na miƙe, na ce "wan" da babbar murya.

Kan Alhaji ne. Rawanin ya nutse har hancinsa.

Can daga ƙarƙashin rawani muka ji: "Kirachi," (haka ake kiran akawu a Kumasi) "'ya na ba ku, ban haɗa da kaina ba."

Fatake suka kwashe da dariya, wani har ya ƙware da goro. Ni kuwa cikin ruɗewa na sake zubewa ina neman gafara, sannan na miƙe, hannuwana biyu a ƙirji don kada su ƙara aikata laifi. Sai da na tsaya cak na gane ban dafa kome ba.

Alhaji ya gyara rawaninsa, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya shafa tasa gwiwar.

"Sake in gani."

Na sake.

"Gobe ka biyo mini, mu taka Kejetia tare. Amma ka riƙa tafiya a gaba, inda nake ganin hannunka."

Na koyi cewa duk abin da mutum ya horar da jikinsa a ɓoye, jiki zai maimaita shi a bainar jama'a, ba tare da neman izini ba. Duk da haka ina so jikokina su rubuta, da tawada ba da fensir ba: Lahadin farko bayan Sallar Layya, shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara da hamsin da biyar, kakansu ya tsuguna sau uku, ya miƙe sau uku, biyu daga ciki da ƙafafunsa.