Wa Ya Mutu, Mu San Ko Akwai Kifi?

Juma'ar da ta wuce na tashi da nishaɗi kamar wanda aka yi wa albishir. Na aske gemu, na zura rigar sanyina ta fita kunya, na taka dusar ƙanƙara zuwa gidan abincin Rhonda Petrak, hancina na jin ƙamshin soyayyen kifi tun kafin in sha kwana. Ina isa na tarar da ƙofa a garƙame, fitilu a kashe, tsofaffin unguwa sun yi cirko-cirko a bakin titi.

"Wa kuma ya mutu?" na tambaya.

Walt Dombek, wanda ya girme mu duka, ya ɗaga sandarsa ya nuna gidan jana'izar Stanek da ke maƙwabtaka. "Wani mai sayar da inshora ne daga ƙetaren kogi. Ba ka san shi ba."

"Ban san shi ba, kuma ya hana ni kifi?"

"Allah ya jiƙansa," in ji Walt. "Amma da ya yi mana kara ya bari sai Asabar."

Na zaga ta baya na iske Rhonda a kicin, ta tsaya a kan akwatunan kifin da aka kawo mata da safe, ta riƙe ƙugu. Matar da kullum bakinta ba ya hutawa da tsiya, ran nan ko kallon tumbina ba ta yi ba.

"Vern," ta ce, "Juma'a ce ke riƙe da gidan nan, musamman yanzu da ake azumin Ista, ba a cin nama ran Juma'a, kowa kifi yake nema. Wallahi aka sake rufe ni ranar Juma'a, makulli zan miƙa in tafi gun 'yata. Na gaji."

A gidan nan na fara zance da Marlene matata, a nan kuma nake ɓuya mata har yau.

To, ku da ba 'yan unguwarmu ba, kada ku ce mun zama marasa imani masu ƙorafi a kan gawa. Manya ne suka mai da mu haka, kuma da kyakkyawar niyya, kamar yadda suke yin komai.

Gidan abincin nan Rhonda ta gaje shi daga mahaifiyarta, ya kuma girmi dokar fakin ta garinmu, shi ya sa dokar ta kau da kai ta ƙyale shi. Sai bara Rhonda ta yi kuskuren tausayi: ta sa wa barandar gefe rufi, ta ƙara 'yan tebura saboda masu keken guragu. Ƙusar farko da kafinta ya buga ita ta tashi doka daga barci. Aka ce tunda ta taɓa gini, dole kowace kujera uku ta samu gurbin mota ɗaya. Filin da Rhonda ta mallaka a baya kuwa, kwandon shara ɗaya yake ɗauka da kyanwa, in kyanwar ta takure.

Sai ta nemi sassauci a gaban Masu Girma Iyayen Kwalta, wato kwamitin da ke raba wa motoci haƙƙinsu kafin a waiwayi 'yan Adam. Shugabansu, ransa ya daɗe, Sarkin Farin Layi, Garkuwan Fakin, mutum ne mai zurfin tunani wanda tun da ya samu lasin bai ƙara takawa da ƙafa ya sayo burodi ba. Rhonda ta yi masa bayani cewa masu cin abincinta a ƙafa suke zuwa, rabinsu ma 'ya'yansu sun ƙwace musu makullin mota. Ya saurare ta da haƙuri irin na manya, ya ce doka ba ta san ƙafa ba.

A nan Mista Orville Stanek mai gidan jana'iza ya miƙe, cikin muryar nan tasa mai sanyi da ke sa mutum ya taɓa jijiyarsa ya ji ko tana bugawa. Ya ce filin fakinsa na nan a kwance yawancin lokaci, Rhonda ta yi amfani da shi kyauta.

Da ni da ku ne, sai mu ce madalla mu tashi. Amma manya ba sa gaggawa. Suka ɗauko ƙwararre daga babban birni da kuɗin harajinmu, ya zo ya zauna cikin motarsa a filin Stanek yana nazarin cunkoso. Da ya gama ya kawo rahoto mai kaurin katifa, cewa filin babu kowa, sai wata shuɗiyar mota da ke wuni a wurin kullum, wadda ya kamata a bincika. Motarsa shuɗiya ce. Ni na yaba masa, domin ba kowane ƙwararre ke kama kansa ba.

Daga ƙarshe aka ba Rhonda sassaucin, da sharaɗi ɗaya tak: duk ranar da Stanek yake da gawa, filin na mamaci ne, gidan abinci ya rufe.

Jama'a, tun daga ranar unguwarmu ta zama unguwar zumunci. Shafin rasuwa muke fara buɗewa a jarida don mu san ko za a karya kumallo. Mutumin da shekara da shekaru ba ka gaishe shi ba, ka ji ya yi tari sau biyu sai ka kai masa miyar kaza. Ni da kaina na buga waya asibiti ina tambayar jikin wani tsohon abokin faɗana.

"Tun yaushe ka damu da hawan jininsa?" in ji Marlene.

"Ɗan Adam ne, Marlene."

"Ɗan Adam ko fanke? Gobe Laraba, ranar fanke ce, ai na sani."

Duk da haka da mun lallaɓa, ba don Mista Thaddeus Prewitt ba. Shi ne ke tsallaken titi, mai jirgin ruwan nan da ke fake a kan tirela a ƙofar gidansa, jirgin da ruwan sama kaɗai ya taɓa jiƙawa. Tsoronsa a duniya kada wata mota ta tsaya kusa da shi. Kun san al'adarmu, in an dawo daga maƙabarta iyalan mamaci kan ciyar da 'yan rakiya, kuma tun zamanin uwar Rhonda a gidanta ake wannan cin. Ita kuwa ba ta iya ce wa matar da ta binne miji yau ta je ta nemi wani wuri. Sai ta buɗe musu ƙofar gefe su kaɗai. Prewitt ya laɓe bayan jirginsa ya ɗauki hotuna, ya ɗauki lauya, ya shigar da ƙara cewa a soke sassaucin gaba ɗaya. Alƙali ya duba, ya mayar wa kwamiti. Kwamiti ya sa zama ranar Talatar nan.

Muka cika ɗakin maƙil, duk a ƙafa, don filin motocin ginin na Masu Girma ne su kaɗai.

Tambayar da ke gaban manya ita ce: motar da ta kawo mutum jana'iza, in ya tsallaka ya ci abinci, motar makoki ce ko motar ci? Lauyan Prewitt, wani siriri mai gashi ya sha mai, ya kira matar wani mamaci shaida.

"Baiwar Allah, lokacin da aka ɗauki hoton nan, kuka kike yi ko ci kike yi?"

"Duka biyun, yaro."

"Wanne ya fi yawa?"

"Da farko kukan. Da aka kawo dankali sai suka yi kunnen doki."

Ɗaki ya ɗauki dariya, Sarkin Farin Layi ya yi ta buga gudumarsa. Wani daga cikin Iyayen ya kawo shawarar cewa mutum na nan a matsayin mai makoki har sai ya nemi ƙari. Wani ya ce a'a, sai ya cire kwat. Wata mai ilimi a cikinsu ta ce ya danganta da ko an sa sukari a kofi. Rantsuwa nake muku, akwai magatakarda a gefe yana rubuta duk wannan da fuska a ɗaure.

Da aka ba jama'a dama, Walt ya dogara sanda ya miƙe, Irene matarsa na riƙe da gefen rigarsa.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da mota. Mota ɗaya ta rage mini in shiga a duniya, ta Orville ce, kuma tana da garejinta. Kujera kawai nake nema da kofi mai zafi. Wannan ma sai an tanadar mata kwalta?"

Na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja. Shugaba ya gode wa dattijo bisa wannan gudummawa mai ratsa zuciya, ya ce lokacinsa ya ƙare. Sannan ya sanar cewa batun yana da sarƙaƙiya, an kafa ƙaramin kwamiti, an ɗage zama. Sharaɗi na nan daram har sai an yanke hukunci.

Muka fito muna ta shewa muna kwaikwayon lauya a kan hanya. Walt ya fi kowa dariya, har sai da Irene ta bubbuga masa baya. Washegari da safe bai farka ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Sai da na share hawaye lissafin ya faɗo mini, na kuma ji kunyar kaina da ya faɗo: wanda ya rasu Laraba, a garin nan Juma'a ake binne shi. Duk unguwa ta yi wannan lissafin, ba wanda ya iya furtawa. Rhonda ta ɗaga waya za ta soke odar kifinta, ta ce in don Walt ne a rufe, ita ta haƙura da gidan.

Ni na raka Irene wurin Stanek, saboda ƙafarta. Ya zaunar da ita, ya buɗe kalanda, ya ce a hankali, "Juma'a da safe ke nan, Misis Dombek."

"Litinin," in ji Irene.

"Litinin? Ai 'ya'yanku sun riga sun taso, Fadan coci ma ya..."

"Orville, Litinin ce ranar hutun Rhonda, ko ba ita ba ce? To. Kana da firiji ko ba ka da shi?"

"Akwai."

"Sa shi a ciki. Mutumin da ke zama a baranda da singileti ana zuba ƙanƙara, sanyinka ba zai dame shi ba. In na bari ya rufe wa yarinyar nan gida, ko a lahira ba zai bar ni in huta da mita ba."

Stanek, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Har yanzu ban sani ba ko dariya yake ko kuka.

Yau Juma'a. Daga gun Rhonda nake rubuta muku wannan, da maiƙo a yatsuna. Layi ya kai har gaban jirgin Prewitt, kuma ko mota ɗaya babu a filin. Irene na zaune a teburin tsakiya da baƙaƙen kaya, tana karɓar gaisuwa tana ɓare ƙaya. Tun safe tsofaffi ke bi ɗaya bayan ɗaya suna leƙa ofishin Stanek, kowa na barin wasiyya cewa shi ma Litinin. Fada ya fara ƙorafi cewa ita ce ranar da yake zuwa kamun kifi.

Na ce wa Marlene ni ma ta rubuta ta ajiye. Ta ce, "Kai da ba ka taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba? Sai dai in ce musu Asabar, ka ga ka iso Litinin."

Masu Girma kuwa, na ji an ce ƙaramin kwamitin bai samu zama ba, don ba a gama shawarar inda za su ajiye motocinsu ba. Ranku ya daɗe, kada ku takura kanku saboda mu, ku bi a sannu. A unguwarmu har matattu sun koyi jiranku.