Ranar da Na Zama Kwamfuta a Gaban Limamai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗaure idona da hankici a gaban aji, na buga ƙirji na ce, "Daga yanzu ni ba Malam ba ne, ni kwamfuta ce. Ku ba ni umarni!" Sai na ji wani daga baya ya ce, "Subhanallahi."

Bari in koma baya kaɗan. Ni ɗan Kano ne, na karanta kwamfuta, na samu koyarwa ta wucin gadi a Daura. Kwas ɗaya ne, gabatarwar firogiramin, wato tsara wa kwamfuta umarni, amma a kwalejoji biyu: ta koyon aikin lafiya, da wata ta shari'a da ilimin addini. Manhaja iri ɗaya aka miƙo mini daga sama, wai abin da za a koya wa mai allura shi za a koya wa mai huɗuba. (Wanda ya tsara wannan abin, Allah ya haɗa mu.) Ga ba wuta. Ɗakin kwamfutocin ma a kulle yake, mai makullin kullum an ce ya tafi Kongolam, can bakin boda.

To da me zan koyar? Sai na ƙirƙiro dabara. Ni zan zama kwamfutar. In rufe ido, ɗalibai su tuƙa ni da kalma uku kacal: tafi, juya, tsaya. Duk kalmar da ba cikin ukun nan take ba, ban ji ba. Da haka za su gane cewa na'ura ba ta da hankalin kanta, abin da ka faɗa shi take yi.

A kwalejin lafiya abin ya yi kyau har ya wuce misali. 'Yan matan nan kamar jira suke. "Tafi! Juya! Tsaya! Kai, Malam, tsaya mana!" Har layi suke yi. Na fito ina jin duk arewa babu malami irina.

Sai na kwashi dabarar nan ɗungurungum na kai ɗaya kwalejin, ban sauya ko wasali ba. Su kuwa ɗaliban can ba yara ba ne. Limamai ne, da magatakardan kotu, da malaman Islamiyya da suka dawo neman difloma. Mafi ƙanƙantarsu ya girme ni. Akwai Baba Liman, mai farin gemu, wanda ya yi jika da ni, amma in na shigo sai ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam." Kuma a makon ne shugaban kwalejin ya ce zai leƙo ajina, don ana shawarar a soke kwas ɗin gaba ɗaya, a sallame ni. Shi ya sa na ɗauko farar shaddata ta Sallah na saka.

To ga ni tsaye, ido a ɗaure. Na ce, "Baba Liman, bismilla, fara."

Ya yi gyaran murya. "Allah ya gafarta Malam, in babu takurawa, da an ɗan taka."

"Kwamfuta ba ta san wannan ba! Kalma ɗaya!"

Aka yi ta ƙus-ƙus. Can dai na ji ya ce a hankali, kamar mai neman gafara, "To... tafi."

Na tafi. Ina takawa ina murmushi, ina cewa a raina yau shugaba zai ga aiki. Na ji iska ta canza, alamar na fita ƙofa na hau baranda. Ban damu ba, na san yanzu wani zai ce tsaya.

"Malam, a yi hattara."

Na ci gaba.

"Allah ya gafarta Malam, da dai an dakata haka nan."

Na ɗaga yatsa sama, ina tafe ina cewa, "Ba ta gane ba!"

"Malam, don girman Allah a yi haƙuri a saurara!"

Wallahi har daɗi nake ji. Na ɗauka darasi ne yake shiga. Ashe mutanen nan sun taso gaba ɗaya sun biyo ni, suna ta salati, kowa na zungurin ɗan'uwansa ya faɗi kalmar, kowa na cewa ba da bakinsa ba. Mutum talatin da wani abu, an rasa mai iya ce wa malaminsa "tsaya" gatsau!

Barandar kuwa a ƙarshenta kwatar wurin alwala take. Kun san irinta, ruwa kore shar da gansakuka, agwagin maƙwabta na wanka a ciki. Ƙafata ta dama ta taka iska. Abin da na sani kawai shi ne na ji ni zaune tsamo-tsamo, agwagi na ihu, takalmina ɗaya ya yi gabas.

A daidai lokacin ne wata murya ta daka tsawa: "Tsaya!"

Na cire hankici. Shugaban kwaleji ne, da baƙi biyu a bayansa. Shi kaɗai ya iya faɗin kalmar a duk harabar, shi ma bayan na riga na iso.

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya yi dariya. Da sun yi dariya da na samu sauƙi. Sai "sannu Malam", "Allah ya kiyaye gaba", wani na tsamo mini hula da sanda. Na dubi Baba Liman, ruwa na ɗiga daga haɓata, na ce, "Baba, fisabilillahi, kalma ɗaya fa! Kuna kallo zan faɗa kwata!"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ta farkon ma da na faɗa har yanzu tana damuna. Wanda ya koya maka ko harafi ɗaya, ba ka yi masa tsawa kamar jaki."

Shugaba ya kira ni ofis, ya hana ni zama saboda kujerarsa. Ya ce, "Samari, waɗannan ba yaran Kano ba ne. Na ba ka zango ɗaya. Ka nemo yadda za ka koya musu ba tare da ka sa su saɓa wa tarbiyyarsu ba, in ba haka ba kwas ya tafi, kai ma ka bi shi."

Mako na gaba na zo da buta. Na ajiye ta a ƙasa na ce, "Ga kwamfuta. Ita za ku ba umarni, ni ɗan aikenta ne kawai, ina matsar da ita." Jama'a, ku zo ku ga limamai! "Tafi! Juya! Ke, tsaya, don ƙaniyarki!" Baba Liman har da miƙewa tsaye. A zangon nan suka fi 'yan kwalejin lafiya cin jarrabawa, kwas ya tsira, ni ma na tsira. Shaddar ce dai ba ta tsira ba.

Na koyi cewa kafin ka shirya darasi, ka fara duba su wa ke zaune a gabanka. Na yarda. Amma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don a garin nan yanzu ko ɗan acaɓa "Malam Tafi" yake kirana. Ku faɗa mini tsakani da Allah: ku da kuna cikin ajin nan, za ku ce "tsaya", ko ku ma ladabi za ku yi mini har cikin kwata?