Dambun Kabeji a Lambuna

Ba zan taɓa mantawa da hunturun da na dafa kabeji tun yana cikin ƙasa ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na daɗe ina jan babbar mota tsakanin Agadas, Tamanraset da Sabha, na iya Larabci da Faransanci daidai cin abinci. Da ƙarfi ya ja baya sai na dawo gida Gumel, na kafa lambu a bayan gari, kan hanyar Ɗanzomo. Kabeji na sa, da karas da latas, don su ne masu son sanyi. Maƙwabcina a lambun Malam Sale ne, abokina tun muna yara, rijiya ɗaya muke sha.

To, a wata tafiya da na kai har arewacin Aljeriya na ga yadda suke lulluɓe shuka da farar leda in sanyi ya sauko, saboda can raɓa daskarewa take ta ƙone ganye. Da sanyinmu ya tsananta, ni ma sai na sayo leda na rufe kwamin shukokina duka, na danne gefe da ƙasa. Da safe in yaye, da yamma in mayar. Duk wanda ya tambaya sai in ce masa, "Ku ba ku fita ba ne." (Allah Ya yafe mini wannan baki.)

Ranar Alhamis na yi sammakon kasuwar Maigatari. Sanyi har cikin ƙashi, na ce bari in bar su a rufe su ji ɗumi. Da na dawo da la'asar sakaliya na ɗaga ledar, sai na tarar kabejin ya kwanta laɓaɓa, latas kuwa ya zama kamar tsumma. Na Sale kuma yana tsaye shar, shinge kaɗai ya raba mu.

Abin da ya ƙara tunzura ni, jiya-jiyan nan muka yi cacar baki da shi kan wanda zai fara ban ruwa, kuma na gan shi da tankin feshi a baya. Nan take na yanke hukunci: maganin ciyawa ya fesa mini. Ban ko koma gida ba na wuce ƙofar mai unguwa, ina faɗa da Hausa ina cikewa da Faransanci. Na ce na zaga duniya ban ga hassada irin ta garin nan ba. Na ce sai Sale ya dafa Alƙur'ani.

Aka kira shi. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ni za ka sa rantsuwa a kan ganye?"

Na ce, "Kai ɗin fa."

Mai unguwa ya ce a bari sai gobe bayan sallar Juma'a, a je a gani. Ni kuma na mayar da ledar yadda take, wai kada shaida ta ɓace.

Washegari rabin masallaci ya biyo mu. Rana ta take, duk wanda ya fito da rigar sanyi ya rataye ta a kafaɗa. Mai unguwa ya tsuguna, ya ga ledar ta yi gumi ta ciki, ya zura hannu, ya zare da sauri yana yarfewa.

Ya ce, "Alhaji, zo ka sa naka."

Na sa. Zafi kamar madambaci a kan murhu, ga wani warin dafaffen ganye ya bugo ni.

Ya ce, "Ai ba feshi ba ne, dambu ka turara. Saura mai da ƙuli."

Jama'a suka kwashe da dariya, har da liman yana rufe baki da rawani. Sale kaɗai bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona ni. Na manta cewa sanyin Aljeriya wuni yake yi, namu kuwa da hantsi ya tattara ya tafi.

Na bi Sale har zaurensa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma sai da aka ɗauki lokaci kafin mu koma cin tuwo a kwano ɗaya. Garin kuwa bai yafe ba. Har yanzu in na tsayar da keke mai ƙafa uku, sai direba ya ce, "Baba Mai Dambu, ina muka nufa?" Mutum da furfurarsa.

Da kabejin Sale ya nuna, ya aiko mini da kwando guda, da saƙon cewa ɗanye ne, a dafa a gida.

Na ci, ina huci. Tun daga ranar, in abu ya lalace mini, sai na fara zura hannu ƙarƙashin tawa ledar kafin in nufi ƙofar mai unguwa.