Rasuwar Tsohuwa, Na'urar Buga Yatsu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, mai gyaran rediyo na ƙarshen layi yana sanar da rasuwar na'urarsa, wadda 'yan gida ke kira Tsohuwa. Ta cika a kan teburin aikinsa, cikin hayaƙi da warin roba.

Shi ya haɗa marigayiyar da hannunsa, daga ƙananan injinan cikin matattun firinta da falankin wata durowa. Aikinta narkar da zaren roba, ta shimfiɗa shi hawa-hawa har ya zama abu. Ba don kasuwa ya haɗa ta ba. 'Yarsa ce injin niƙa ya cinye wa yatsun hannun dama, shi kuma ya yi mata alkawarin sababbi.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi sai "zii-zii" da "ƙit-ƙit". Amma ta daɗe tana fama da ciwon zafi. In ya yi ƙasa, yatsa ya tsage kamar busasshen kara. In ya haura, roba ta dinga dalala kamar majina. Maigidan ya yi jinya iya jinya, yana ƙara wannan lamba yana rage waccan, har zafin ya fara tsayawa wuri guda.

Saura matsala ɗaya. Akwai tsarin da ke kashe ta in zafi ya rikice, kuma ya yi ta katse aikin babban yatsa a tsakiya. Haushi ya ɗebi bawan Allah ya cire shi, wai na yau kawai. Ya leƙa waje karɓar rediyo, ɗan ma'aunin zafin da ke jikin na'urar ya zame daga raminsa, ya koma auna iskar ɗaki. Baiwar Allah ta ɗauka sanyi take ji, ta yi ta ƙara wa kanta wuta har ta ƙone.

Ta rasu ta bar yatsu huɗu masu kyau, da rabin babban yatsa, da maigida wanda ya kasa haɗa ido da kowa.

Za a kwance gawar gobe da safe a shago, mai gwangwan zai ɗauki abin da ya rage. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su biyo ta ƙofar baya, su kuma sassauta murya. Yarinyar ba ta sani ba tukuna. Ɗazu ma ta leƙo ta ce, "Baba, Tsohuwa ta huce?" ya ce mata saura kaɗan.